Yatsa, layin waya da lasisin bindiga: wa ke riƙe da kundin da aka rubuta sunayenmu?

Malamin Islamiyya, Agege:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana yi mini yawo a rai, kuma tun da a cikinmu akwai lauya da tsohon jami'in tsaro da 'yan kasuwa, na ga ya dace in shimfiɗa ta a nan. Duk baligin da ke harka a ƙasar nan ya dangwala yatsunsa a wurare da yawa. Ya dangwala wa kamfanin waya tun da aka fara rajistar layuka a 2011, ya dangwala wa banki bayan Babban Banki ya ƙaddamar da BVN, lambar tantance masu asusun banki, a 2014, ya dangwala wa hukumar zaɓe, ya dangwala wa hukumar NIMC mai rajistar 'yan ƙasa domin lambar shaida ta NIN, in yana da fasfo ko lasisin tuƙi ya sake, mu mazauna Legas kuma ga hukumar LASRRA da ke rajistar mazauna jiha. A kowane karo tsaro ake ambata mana. Abin da nake son sani shi ne, wa ke da ikon buɗe waɗannan bayanai, kuma idan aka yi amfani da su ta hanyar da ba mu amince ba, wurin wa za mu kai kuka? Na haɗa da batun bindiga ne saboda duk sanda aka yi ta'asa a gida sai muhawara ta taso kan a bar mutane su mallaki makami da lasisi, alhali shi ma lasisin nan shigar da suna ne cikin wani kundi.

Baba Sufeto mai ritaya, Obalende:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni dai na yi aikin ɗan sanda a zamanin da in aka kama mutum sai dai a dogara da sunan da ya faɗa, yau shi ne wane, gobe a wani caji ofis ya zama wani daban. Saboda haka ba na cikin masu kallon rajista a matsayin masifa. Kafin BVN mutum ɗaya kan buɗe asusu da sunaye iri-iri a bankuna daban-daban, kuma da wannan lambar aka bankaɗo dubban ma'aikatan bogi da ke karɓar albashin gwamnati. A zaɓe ma, na'urar tantance katin da aka kawo a 2015, da BVAS da ta gaje ta, sun rage wa masu dangwala ƙuri'a da sunan matattu ƙarfi, ko da kuwa ba su kawar da maguɗi ba. Wanda bai yi laifi ba ban ga abin da zai tsorata shi don gwamnati ta san fuskarsa da yatsarsa ba.

Mai gyaran waya, Computer Village:
Baba, Allah ya ƙara girma, da a ce gwamnati ce kaɗai ta sani, da maganarku ta zauna daram. Matsalar ita ce bayanan ba sa tsayawa a hannun wanda aka ba. A 2024 'yan jarida masu bincike da ƙungiyar Paradigm Initiative mai kare haƙƙin masu amfani da intanet sun nuna cewa akwai shafukan intanet da ke sayar da bayanan NIN na mutane a kan naira 100, har ƙungiyar ta ce da wannan kuɗin ta sayi takardar NIN ta ministan sadarwa Bosun Tijani. Hukumar NIMC ta ce ba a fasa rumbunta ba. To ko da an yarda da hakan, abin da ya rage shi ne wasu daga cikin waɗanda aka ba izinin leƙa rumbun domin tantance mutane su ne suka zama kafar da bayanan ke zurarewa, kuma ga wanda aka sayar da hotonsa da adireshinsa da ranar haihuwarsa, duk ɗaya ne.

Abin da ya fi damuna shi ne bambancin yatsa da lambar sirri. Idan ɓarawo ya san lambar sirrin katinka, ka shiga banki ka canza ta a yini guda. Yatsa da fuska kuwa da su aka haife ka, da su za ka koma, babu ofishin da zai ba ka sababbi. A nan kasuwa muna ganin yara suna bin mutane suna cewa a ba su NIN da BVN a ɗauki hoton fuska a biya su 'yan dubbai, wasu ma ana ce musu tallafi ne za a raba. Da waɗannan bayanan ake buɗe asusun da kuɗin damfara ke bi, ranar da bincike ya tashi kuma sunan mai fuskar ne a kai. Mafi yawan waɗanda ake yi wa haka 'yan uwanmu ne masu tura baro da masu ga-ruwa, waɗanda ba su san abin da suka sayar ba.

Hajiya mai atamfa, Balogun:
Ɗana, ka taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi. Ni ban ma kai ga tsoron gwamnati ba, 'yan kasuwa irina nake tsoro. Wata yarinya da ke taya ni zama a shago ta ci bashin kuɗi kaɗan a wata manhajar ba da rance, ta makara da biya da 'yan kwanaki, sai ga saƙo a wayata da ta mahaifiyarta da ta wanda zai aure ta, ɗauke da hotonta, ana kiran ta ɓarauniya. Lokacin da ta sauke manhajar an nemi izinin shiga jerin lambobinta da hotunanta, ta danna amincewa ba tare da ta karanta ba, kamar yadda kowannenmu ke yi. Ni ban ci bashin kowa ba, ban danna komai ba, amma lambata da sunana suna hannunsu. Wannan fa wa ya ba da izininsa? Kuɗin an biya, amma mutuncin yarinyar nan a layinmu bai koma yadda yake ba har yau.

Barista, Ikeja:
Hajiya, Allah ya saka miki da kika tsaya mata. Bari in ɗan yi bayanin inda doka ta tsaya, sannan in faɗi inda nake ganin ta gaza.

Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tabbatar wa 'yan ƙasa sirrin kansu da gidajensu da wasiƙunsu da maganganunsu na waya. A 2019 hukumar bunƙasa fasahar zamani ta NITDA ta fitar da ƙa'idojin kare bayanai, sannan a watan Yunin 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan cikakkiyar dokar kare bayanai, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta NDPC. Dokar ta sanya zanen yatsa da makamantansa cikin bayanai masu tsananin muhimmanci. Ta ba mutum 'yancin ya tambayi kamfani abin da yake riƙe da shi a kansa, ya sa a gyara kuskure, ya janye amincewarsa, ya nemi a goge abin da babu sauran hujjar ajiye shi. Ta kuma wajabta wa wanda bayanai suka zurare daga hannunsa ya sanar da hukumar cikin sa'o'i 72. Babban kamfanin da ya saɓa ana iya cin sa tarar naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsa na shekara, duk wanda ya fi yawa.

Game da masu ba da rance, an ɗan taɓuka. NITDA ta ci wani kamfaninsu tarar naira miliyan 10 a 2021, hukumar kare masu saye ta FCCPC ta kai samame ofisoshinsu a nan Ikeja a watan Maris na 2022, kamfanin Google kuma ya hana irin waɗannan manhajoji shiga lambobi da hotunan mutane daga 2023. Ita FCCPC ɗin ce ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 a 2024 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya.

Inda gizo ke saƙar shi ne, dokar 2023 ta sassauta wa hukumomin gwamnati idan aka ambaci binciken laifi ko tsaron ƙasa. Ma'ana, wanda ya fi kowa tara bayananmu shi ne wanda dokar ta fi yi wa sauƙi. Baba Sufeto ya ce marar laifi ba ya tsoro, amma da girmamawa, wanda ke riƙe da kundin shi ne ke yanke hukuncin wane ne ya yi laifi. A watan Nuwamban 2020, bayan zanga-zangar EndSARS da muka gani da idonmu a garin nan, Babban Banki ya samo umarnin kotu ya rufe asusun mutane da ƙungiyoyi 20 da ake dangantawa da ita. Ko mutum yana goyon bayan zanga-zangar ko ba ya yi, ya ga yadda lambar BVN da aka ce an ƙirƙira don kama 'yan damfara take iya zama linzami.

Baba Sufeto mai ritaya, Obalende:
'Yata Barista, kin ce da umarnin kotu aka yi, to ai abin da muke nema ke nan, a bi ta hannun alƙali. Ban ce babu ɓara-gurbi ba. Amma kada tsoron ɓara-gurbi ya sa mu koma zamanin da ba a san kowa ba.

Alhaji dillalin shanu, Oko-Oba:
Baba Sufeto, ina da tambaya guda, kuma ba don gardama ba. A watan Disambar 2020, zamanin ministan sadarwa Pantami, aka ce kowa ya haɗa layinsa da NIN domin a kama masu garkuwa da mutane. Mun yi layi a rana tsakiyar annobar korona. A watan Afrilun 2022 aka hana layuka sama da miliyan 70 kira. Duk da haka har gobe da waya ake cinikin kuɗin fansa, ana kiran iyalai safe da yamma na tsawon makonni, kuma shi kansa Pantami ya fito a farkon 2024 ya ce jami'an tsaro ba sa amfani da tsarin yadda ya kamata. Ɗan bindiga ya ƙwace wayar wanda ya kama ya yi kira da ita, ko ya sayi layin da aka yi wa rajista da sunan wani bawan Allah. Tarun nan dai ƙananan kifaye yake kamawa, manyan suna yaga shi su wuce.

Sannan akwai wahalar da mutanenmu ke sha wadda masu tsara abin ba su yi tunaninta ba. Mahauci da ɗan dako da manomi, waɗanda aiki ya cinye musu zanen yatsa, na'ura takan ƙi karɓarsu, haka tsofaffi, haka mace in ta sha lalle. Ga matsalar suna: a banki Muhammadu, a NIN Mohammed, a katin zaɓe Mamman, ranar haihuwa kuma wadda ma'aikaci ya ga dama ya rubuta domin a ƙauye ba a yanki takarda ba. Da zarar an sami saɓani sai asusu ya tsaya, mutum ya bar sana'arsa ya shiga zirga-zirgar gyara da biyan kuɗi da rantsuwa a kotu. Wannan shi ma zalunci ne, ko da babu wanda ya nufe shi da shi.

Ma'aikaciyar jinya, Idi-Araba:
Alhaji, ni kuma ta wata fuska nake kallon abin, domin mu baƙi ne a idon wasu ko da a nan aka haife mu. A watan Agustan 2019 jami'an jihar nan sun tare wata babbar mota ɗauke da matasa 123 daga Jigawa da baburansu, aka tsare su aka ɗauki bayanansu, daga baya aka sake su domin ba a same su da komai ba. Irin wannan ne ke sa ni tunani biyu. A gefe guda, da kowannensu yana da shaidar da za a duba nan take a gaskata, wataƙila da ba su kwana a hannu ba. A ɗaya gefen kuma, kundin da ke nuna sunan mutum da garinsu da unguwar da yake kwana, in ya faɗa hannun mai mugun nufi ranar da gari ya rikice, kamar yadda Mile 12 ta rikice a 2016, to ya zama jerin gidajen da za a nufa. Ban san yadda za a sami amfanin farko ba tare da haɗarin na biyu ba, shi ya sa nake sauraron manya.

Malamin Islamiyya, Agege:
Madalla da wannan. Baba Sufeto, ku ne masana harkar makami, a yi mana bayanin yadda lasisin bindiga yake, domin maganar 'yar uwarmu ta kai mu can kai tsaye.

Baba Sufeto mai ritaya, Obalende:
To, Malam. Dokar makamai da muke aiki da ita ta 1959 ce, tun kafin 'yancin kai, kuma ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu, irin na yaƙi da ƙananan bindigogin hannu, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa. Akwai na amfanin kai, kamar bindigar farauta mai baki biyu, waɗanda Sufeto Janar ke ba da lasisinsu. Sai na gargajiya masu ɗuri ta baki, irin su adaka da harbi-ruga, waɗanda ke ƙarƙashin kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda kotu ta kama da laifin tashin hankali cikin shekaru biyar da suka wuce. Lasisi alfarma ce a dokarmu, hukuma na iya hanawa ko ta janye. A watan Agustan 2023 ma muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Egbetokun, ya sanar da dakatar da ba da sababbin lasisi. Kafin nan, a watan Yunin 2022, gwamnatin Matawalle a Zamfara ta ce jama'a su nemi lasisi su kare kansu, hedikwatar tsaro ta ce gwamna ba shi da wannan hurumin.

Ni a nan ba na sassautawa. Waya ba ta kashe mutum, bindiga tana kashewa, don haka dole a san lambar kowace da sunan mai ita, har ma da yatsarsa.

Barista, Ikeja:
Baba, a kan cewa bindiga ba waya ba ce, ina tare da ku ɗari bisa ɗari, kuma ba na cikin masu son mu kwaikwayi Amurka, inda dokar 1986 ta hana gwamnatin tarayya kafa kundin masu bindiga na ƙasa baki ɗaya. Tarihinsu daban, namu daban. Sai dai akwai darasi a abin da ya same su. A 2012 wata jarida a jihar New York ta wallafa taswirar gidajen masu lasisin bindiga, a 2022 kuma ma'aikatar shari'a ta jihar Kalifoniya ta saki sunaye da adireshin masu lasisi a intanet bisa kuskure. Ku ɗauko wannan ku ajiye a ƙauyen Zamfara ko Katsina. Jerin masu lasisi a can yana gaya wa ɗan bindiga abu biyu: gidan da zai fara kai wa hari ya ƙwaci makami, da gidajen da babu abin tsoro a cikinsu. Kowa a nan ya san irin ɓarnar da masu kai wa 'yan bindiga rahoto suka yi a yankunan nan ba tare da wani kundi ba ma.

Na biyu, ku gafarce ni Baba, mai ajiyar kundin shi ma sai an tambaye shi nasa lissafin. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya ce ya zuwa watan Disambar 2018 akwai makamai 178,459 na rundunar 'yan sanda da ba a san inda suke ba, 88,078 daga ciki AK-47 ne. A nan Legas, a watan Janairun 2017, kwastam sun kama bindigogi 661 a cikin kwantena da ta riga ta fito daga tashar jirgin ruwa. Waɗannan su ne makaman da ke kashe mutanenmu, kuma babu ɗayansu da zai zo ofis a yi masa rajista. Wanda zai zo shi ne maharbi da manomi da ɗan sintiri.

Baba Sufeto mai ritaya, Obalende:
Wannan adadin ya yi mini ciwo lokacin da ya fito, kuma ba zan kare shi ba. Wasu makaman a hannun jami'an da aka kashe a bakin aiki aka ƙwace su, wasu a caji ofis ɗin da aka ƙona, amma akwai waɗanda sakaci da cin amana ne. Sai dai ki lura, da ba a rubuta lambobinsu tun farko ba, da mai binciken bai san sun ɓata ba. Hujjarki ita kanta daga rajista ta fito.

Alhaji dillalin shanu, Oko-Oba:
Ni abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025 ne ya tsaya mini. Mafarauta 16 'yan Kano da ke hanyar komawa gida hutun Sallah, aka tare motarsu, aka ga bindigogin farauta, aka kashe su. Babu wanda ya tsaya duba takarda. Mu da direbobinmu ke bin hanyoyin nan dare da rana da shanu, mun san cewa takardar da kwamishinan wata jiha ya sa wa hannu ba ta da daraja a shingen 'yan sintirin wata jiha. Idan har za a ɗauki yatsan maharbi, to a ba shi abin da zai amfane shi, wato shaidar da ɗan sanda a kowace jiha zai iya tabbatarwa, kuma a hana wanda ba hukuma ba tare hanya yana bincike.

Mai gyaran waya, Computer Village:
Alhaji, ta fuskar fasaha hakan mai yiwuwa ne ba tare da an buɗe wa kowa kundin ba. Ana iya tsara shi yadda jami'i zai shigar da lambar lasisi, amsa ta dawo masa da hoton mai shi da cewa lasisin na nan da rai, ba tare da ya ga adireshi ko jerin sauran mutane ba, kuma kowace dubawa ta bar sawun wanda ya duba da lokacin da ya duba. Ita ma NIMC ta kawo irin wannan tun 2022, inda za ka danna *346# ka samo lambar wucin gadi da za ka ba kamfani maimakon ainihin NIN ɗinka. Amma je ka nemi haya ko aikin gadi a rukunin gidajen Lekki, kwafin takardar NIN za a ce ka kawo, a jefa ta cikin durowar da kowa ke buɗewa.

Hajiya mai atamfa, Balogun:
Barista, kafin a tashi, ƙanena ya yi aikin gadi a irin gidajen nan, kuma sun karɓi kwafin takardarsa da hotonsa har da dangwalen yatsa a na'urar ƙofa. Ya bar aikin tun bara. Yana da ikon cewa su goge?

Barista, Ikeja:
Yana da shi, Hajiya. Ya rubuta wa shugabannin rukunin gidajen ko kamfanin da ya ɗauke shi, ya ambaci dokar kare bayanai ta 2023, ya nemi a gaya masa abin da suke riƙe da shi da wanda suka ba, a goge zanen yatsarsa daga na'urar, a mayar masa da kwafin takardarsa. Ya sa a buga masa hatimin karɓa a kan kwafi guda ya ajiye. Suna iya riƙe bayanan albashi na wani lokaci idan wata doka ta wajabta musu, amma yatsan mutumin da ya daina shiga ƙofarsu ba su da hujjar ajiye shi. In suka yi biris, sai ya kai ƙorafi hukumar NDPC, ko ya tafi kotu. Ki ce ya same ni ta akwatin sirri in tsara masa wasiƙar, kada ya sa lambobinsa a nan cikin zaure.